Wuri Mai Iska

Tun da fari in faɗa muku, sakaran da ke cikin labarin nan ni ne, kada ku wahalar da kanku kuna nemansa a gaba. Akwai Anasara a ciki, akwai tsofaffin gari, akwai gwaggona, kuma kowannensu ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Ni kaɗai aka ba harshe biyu, da su kuma na sa aka sare wa matar da ta rene ni tsamiyarta. Ba wani asiri nake tonawa ba. Duk Dogon Dutsi an sani. Har yau akwai sa'o'ina waɗanda in sun hango ni tafe sai su dafe hulunansu, wai iska ta taso.

Karatuna bai yi nisa ba. An kai ni lakwal ne, makarantar Anasara, don an ce kowace unguwa ta ba da yaro. Masu uwa suka ɓoye nasu cikin rumbu, ni maraya aka miƙa. Na zauna har na iya rubuta sunana, na iya ƙirga, na kuma iya cewa "wi mushe", wato "to malam" da Faransanci, tun malami bai gama tambaya ba. Daga nan aka ce kaina ya cika, aka sallame ni. A wancan zamanin na aikin dole, wannan ya ishi mutum ya sa wando mai aljihu ya tsaya kusa da Anasara. In aiki ya yi yawa ga tafintan kumandan, Anasaran da ke mulkin gari, ni ake kira. Na yi aure, na ajiye ɗan gemu, ina yawo da alƙalami a aljihun gaba wanda tun da na tsince shi bai taɓa rubutu ba.

Gwaggo yayar ubana ce. Da iyayena suka rasu ita ta ɗauke ni, ita kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. A gindin dutse, ɗan nesa da gidajen gari, akwai wata tsohuwar tsamiya wadda Doguwa ke zaune cikinta, iskar da gidanmu ya gada tun kakanni. Gwaggo ce mai kula da ita. Ita ke share gindinta, ita ke zuba mata nono, ita ake biyowa in mace ta daɗe ba ta samu ciki ba ko yaro ya ƙi barci. Masu zuwa kan kawo kaza, ko damin hatsi, ko ƙwaryar nono. Abin da Doguwa ta rage Gwaggo ke ci, abin da Gwaggo ta rage ni ke ci, kuma sau da yawa Gwaggo ba ta ci ba take cewa ta rage. Duk naman da ke jikina har na yi gemu, daga gindin tsamiyar nan ya fito. Da na shiga gari na fara salla tare da ƴan kasuwa sai na rage zuwa wurin, in kuma aka ambaci sana'arta gaban mutane sai in duƙa ina gyaran takalmi.

Wata shekara sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, ya kwashi yara da samari. Da damina ta wuce aka aiko mana wani lokotoro, wato likita, Anasara dogo mai jan wuya, wanda ba ya tsawa sai in an taɓa masa kayan aiki. Ba don raba magani kawai ya zo ba. So yake ya gina gidan da zai zauna ya binciki ciwon kansa: ya ɗebi jini da ruwan gadon bayan marar lafiya, ya leƙa su cikin madubinsa mai ƙara girman abu, ya gane abin da ke kashe mutane da inda yake bi. Aka ce ni zan riƙa bin sa ina juya magana.

Mutum ne mai tsari, wannan ba zan hana masa ba. Yakan tsuguna ya zana gidan a ƙasa da sanda, ya goge da ƙafa, ya sake. Ga ɗakin madubi, tagarsa na kallon gabas don hasken safe. Ga dogon ɗaki na majinyata, gado nesa da gado. Ga ɗan ɗakin da za a riƙa dafa allurai. Ga bukkar zomaye can gefe, don shi har zomaye yake yi wa allura. Rijiya ta wannan gefe, masai ta wancan, kada su gaisa a ƙarƙashin ƙasa. Ni ina tsaye ina gyaɗa kai kamar ni na koya masa. Abu ɗaya ya rage, wurin da za a gina. Don haka aka tara tsofaffin gari a inuwar ƙofar fada.

Ya miƙe ya yi bayani, kalma ɗaya tana ta dawowa a bakinsa, wato "ler". Wannan kuwa na san ta sarai. A lakwal mushe, malaminmu, ya taɓa hura tafin hannunsa ya ce ler, muka amsa baki ɗaya muka ce iska. Saboda haka na gyara murya na ce wa tsofaffi, lokotoro ya ce ciwon nan iska ke ɗauke da shi daga mutum zuwa mutum.

Sai wani tsoho mai ido ɗaya, wanda shi ke fara magana a irin wannan zama, ya dubi na kusa da shi ya ce, "To. Yau ga Anasara mai hankali. Tun yaushe muke hwaɗa musu?"

Lokotoro ya ga ana gyaɗa kai, ya ji daɗi, ya ci gaba. Na ce ya ce in aka rufe iska cikin ɗaki aka hana ta fita, ɓaci take yi ta kama mutane. Tsofaffi suka ce ƙwarai kuwa. Na ce don haka yana son a nuna masa wuri mai iska sosai, inda ba ta yankewa, ya gina gida mai manyan tagogi, ta shiga ta nan ta fita ta can yadda take so. Mai ido ɗaya ya tambaya ko da gaske da dutse za a gina mata. Na juya, lokotoro ya ce da dutse, har da rufin kwano. Wani ya ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa yi mata irin wannan ba.

Ku ƴan boko na yanzu za ku ce ai da ji ka san akwai matsala. Ku dakata. Iskar da ke kaɗa riga mace ce a bakin Bahaushe, wadda ke zaune a tsamiya ita ma mace ce. Ta shiga, ta fita, ta ɓaci, ta kama mutum. Ku nuna mini inda zan tsaya in ce ga kuskure. Ni dai a wannan zama ban ji komai ba sai daɗin kaina, don ban taɓa ganin taron da Anasara da Arawa, mutanen ƙasarmu, suka yarda da juna haka ba, kuma ta bakina abin ya bi.

Washegari da hantsi tsofaffi suka yi mana jagora. Tun da muka bar gidajen ƙarshe muka kama ƴar hanyar da ƙafata ta sani tun ina tsirara, na fara jan ƙafa. Muka isa gindin tsamiya. Abin haushi, wurin yana da iska ta gaske, don akwai wata tsaga a jikin dutsen da take biyowa ko da rana ta take. Lokotoro ya tsaya, ya cire hularsa ta kwano don iskar ta bugi kansa, ya lumshe ido ya ja numfashi. Tsofaffi suka dubi juna. Anasaran da ba ya cire hula gaban sarki, ga shi ya cire wa Doguwa.

Gwaggo tana zaune kan tabarmarta da tsintsiya a gefe. Mai ido ɗaya ya yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon lokotoro, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗan lakwal, tambaye shi. Mi za shi riƙa ba ta, nono ko jini?"

A nan ne na gane. Ba daga baya ba, ba bayan an gina ba, a nan, ina tsaye, inuwar tsamiya na kaina. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Abin da ya kamata in yi bai fi tsawon numfashi ɗaya ba: in ce ku tsaya, iskarsa daban, taku daban, ni na haɗa su. Amma tsofaffi na kallona, lokotoro na murmushi, alƙalamina na leƙe daga aljihu. Sai na juya na tambaye shi da Faransanci ko za a riƙa ɗibar jini a gidan. Ya ce e, kaɗan-kaɗan, daga yatsa. Na ce wa Gwaggo, jini, kaɗan-kaɗan.

Ta ce ya san aiki. Sannan ta kafa sharuɗɗanta: kada a yi fito a wurin, kada a zubar da ruwan zafi a gindin itacen, kuma kome za a yi kada ƙarfe ya taɓa jikin tsamiyar. Lokotoro ya tambaye ni abin da tsohuwar ke cewa. Na ce tana yi masa barka da zuwa.

Na gaya wa kaina ai ba komai. Gida zai tsaya gefe, tsamiya ta tsaya gefe, shi ya sha iskarsa ita ta zuba nononta, kowa ya mutu bai sani ba. Har na fara ganin abin kamar wata dabara ce na ƙulla.

Ginin ya tafi da sauri irin wanda kumandan bai taɓa gani ba. Mutanen da sai gardi, ɗan sandan kumandan, ya bi su da bulala kafin su ɗauki dutse ɗaya a aikin hanya, ga su suna zuwa da kansu tun da sassafe. Mata na kawo ruwa ba a aike su ba. Gwaggo kullum sai ta dama fura ta kawo wa magina, ta zagaya tana duba tagogi, ta ce a ƙara faɗin wannan, Doguwa ba ta son matsi. In na juya wa lokotoro cewa tsohuwa ta ce a faɗaɗa taga, sai ya buga cinya ya ce matar nan ta fi kumandan fahimta. Yakan ba ta sukari, ita ta ba shi tsamiyar kunu. Sun yi abota sosai, su biyun, a kan abin da babu shi.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda ta riƙa yi da ni a kwanakin nan. Ta san ina jin kunyarta, ba ta taɓa faɗa ba. Amma sai ga shi tana gaya wa mata cewa yaron da suka ce lakwal ta cinye, shi ne ya jawo Anasara har gindin tsamiya ya cire hula. Ran nan ta kira ni ta ba ni cinyar kaza a ɓoye cikin ganye, kamar lokacin da nake yaro. Na karɓa na cinye. Har ƙashin na tauna.

Aka gama gini, kaya suka iso a kan raƙuma cikin akwatunan katako. Lokotoro ya fito da madubinsa da hannunsa, ya ɗora kan tebur a bakin tagar gabas. Abin yana da wani ɗan gilashi a ƙasa wanda ke tara hasken rana ya tura shi sama, in babu haske ba a ganin komai. Ya leƙa, ya juya, ya sake leƙawa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi taga. Tsamiya ce tsaye a gabanta, ta tare rana tun daga fitowarta har ta yi sama. Lokacin da ya zana gidan, rana ta wani gefe take fitowa, watanni sun juya ta komo bayan itacen. Ga kuma jemagu da ke kwana a rassan suna yi masa kashi a kan rufi da bakin rijiya. Ya ce a sare ta.

Na yi magana, kada ku ce ban yi ba. Na ce masa tsohuwar nan tana son itacen ƙwarai. Ya ce ya sani, shi ma yana son inuwa, amma yara na mutuwa, kuma za a kai mata itacen duka har gida ta yi girki. Ya dafa kafaɗata ya ce in gaya mata da lallashi. Ya ba ni ƙofa a buɗe, da na ce masa ba inuwa ba ce, da ya tambaya, da na faɗa. Mutumin da ya goge zane sau da yawa don masai, ba zai kasa fasa wata taga ba. Na ce wi mushe.

Ban gaya mata ba. Kullum in ce gobe. A gari kuwa ba wanda zai ɗora gatari a jikin tsamiyar ko da za a ɗaure shi, don haka gardawa suka fito da wasu fursunoni baƙi, mutanen wata ƙasa da ba su san komai ba. Gwaggo ta taho da safe da ƙwaryar nono a ka, ta tarar an riga an ci rabin gindin.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta sauke ƙwaryar ta ajiye, ta tsaya. Lokotoro ya fito yana neman wanda zai juya masa magana, yana ta kiran sunana. Ni ina cikin bukkar zomaye, a tsugune, ina leƙe ta tsagar zana. Babba da ni, mai mata, mai gemu. Zomaye na kallona ina kallonsu. Da itacen ya faɗi sai da ƙasa ta girgiza, jemagu suka watse da rana tsaka. Gwaggo ta duƙa ta ɗauki ƙwaryarta, nonon na ciki, ta koma da shi. An kai mata itacen har ƙofar gida kamar yadda aka alkawarta. Ba a daɗe ba ta kulle ɗakinta ta tafi Kiyeshe wurin dangin uwarta, itacen kuwa ya zauna nan har gara ta cinye shi, ba wanda ya zari ko tsinke.

Bazara ta zo, sanƙarau ya dawo. Gida ga shi fes, haske har ya yi yawa, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Gadaje babu kowa. Wa zai kai ɗansa ya kwanta a wurin da aka yaudari Doguwa aka rushe mata gida, kuma a ce za a ɗebi jininsa? Mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiya a ɗakunan ciki, su toshe ƙofa da zana, wato daidai abin da lokotoro ya ce kada a yi. In mun shiga unguwa sai a ce kowa lafiya, muna jin nishi ta bayan danga. Ban san ko da an kawo su da sun tashi ba, shi kansa lokotoro bai ce yana da tabbas ba. Amma na san wasu gidajen da aka fitar da gawa a shekarar, kuma har yau in zan wuce ta ƙofarsu sauri nake yi.

Da abin ya ishe shi ya zaunar da ni a ɗakin madubi ya ce in gaya masa gaskiya, me ya sa mutanen da suka gina gidan da hannunsu suke gudunsa. Na faɗa masa. Faransancina bai taɓa fita sarai kamar ran nan ba. Na yi zaton zai mare ni ko ya kira gardi. Sai wuyansa ya ƙara ja, ya tashi ya tsaya a taga yana kallon kututturen. Da ya juyo, abin da ya tambaya shi ne, ashe duk furar nan da matar ke kawowa ba don majinyata ba ce. Na ce a'a. Ya ce in hau doki in je in same ta, in gaya mata bai sani ba, in roƙe ta ta dawo. In tana so a dasa wata tsamiya zai dasa da hannunsa. Ya san in ta zauna a ƙofar gidan, mutane za su shigo.

Zan gaya muku yadda gidan ya ƙare tun yanzu, don kada ku sa rai. Ba ta dawo ba. Lokotoro ya yi ɗan abin da ya iya da baƙi da fursunoni da iyalan gardawa, daga baya aka ɗauke shi aka kai wani gari da madubinsa. Gidan ya zama wurin ajiye gyaɗa. An ce gyaɗar ba ta taɓa ruɓewa ba, saboda iska.

A hanyar Kiyeshe na shirya jawabina tsaf. Na tarar da ita a tsakar gidan mutane, a bakin wata ƴar bukka da aka ba ta kusa da turken awaki, tana tsinke zogale. Matar da ake durƙusa wa a gindin dutse, a nan wata tsohuwa ce kawai da ake ba tuwo don zumunci. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai tallan gishiri. Ta sa aka kawo mini ruwa.

Na isar da saƙon lokotoro. Ta ce ta ji, kuma ba ta riƙe shi da komai ba, baƙo ne. Game da dasa wata kuwa, ta ce Doguwa ba tunkiya ba ce da za a canza mata turke.

Da na tsaya nan da na tsira da ɗan mutuncina. Amma jawabin da na shirya yana cina. Na gyara zama, na taɓa alƙalamina, na shiga yi mata bayani yadda mushe ke yi mana. Na ce Gwaggo, abin da ya faru matsalar harshe ce. A wurin Anasara iska biyu ce, kowace da sunanta, akwai ta numfashi akwai ta tsamiya. Hausa ce ta gaza, ta haɗa su a kalma ɗaya. In an duba da kyau, ba laifin kowa ba ne, laifin Hausa ne. Har na hura tafin hannuna don ta gane.

Ta bar ni na kai aya, hannunta bai daina tsinke zogale ba. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Shi bai jin Hausa, ni ban jin nasaranci. Kai da ka ji duka biyun tun ranar farko, wace iskar ta riƙe maka baki, tashi ko tawa?"